Maho Ko Dashe? Yadda Ake Cike Gurbin Ciwon Daji A Mazaunai

Mu ɗaliban harshe mun saba da muhawara a aji kan fassara kalmomin kimiyya. Ni dai ban san nauyin abin ba sai ranar da na zama tafinta tsakanin kawuna da likitan fiɗa a nan Bauchi.

Kawu tela ne a Kasuwar Wunti. Tun yana saurayi wata allura ta yi masa ƙurji a mazaunai, wurin ya zama gyambo, yau ya rufe gobe ya buɗe. Saboda kunya ya shekara da shekaru bai nuna wa kowa ba. Ko da ya tashi faɗa, cewa ya yi "bayana ke ciwo", mu kuwa muka yi ta sayo maganin ciwon baya. Sai da zama kan keken ɗinki ya gagara muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato tsohon Asibitin Ƙwararru da ya koma na koyarwa a 2010.

Gwaji ya nuna gyambon ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Likitoci suna kiran irinsa gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayani kan miki a tsohon tabo a 1828. Ba a cire shi a tsaya iyakar bakinsa; sai an haɗa da lafiyayyen nama na kewaye, santimita 2 ko fiye. Abin da ya rage rami ne da ba ya ɗinkuwa, domin in aka ja fatar da ƙarfi ɗinkin zai ɓalle.

Hanya ta farko ita ce a yanko siririyar fata daga cinya a shimfiɗa a wurin. Ina cikin in-ina, sai Kawu ya ce, "Ɗana, ai maho yake nufi." Lallai maho ne. Fatar ba ta zuwa da jininta, naman da ke ƙarƙashi ne ke ciyar da ita har ta kama. Aibinta shi ne ba ta cike rami mai zurfi, kuma ba ta jure nauyin zama.

Ta biyu ita ta fi dacewa da babban gurbi. Ana ɗago fata da kitse, wani lokaci har da tsoka, daga bayan cinya ko ƙugu ko sauran mazaunan, ba tare da an yanke jijiyar jinin da ke shayar da su ba, sai a juyo su a rufe ramin. Wannan na kira dashe, domin kamar manomi ne ya ciro shuka da saiwarta da ƙasarta. A 1989 wani likitan Japan, Isao Koshima, ya nuna ana iya bin ƙananan jijiyoyin jini a ɗauki fata da kitse kawai a bar tsoka. Wannan babban abu ne a mazaunai, saboda tsokar wurin ita ke tayar da mutum daga zaune. A ƙarƙashinta kuma babbar jijiyar da ke motsa ƙafa ta bi, wadda dole a kiyaye ta.

Na san wasu malamanmu za su ce "dashe" ya riga ya zama na ƙoda da makamantanta. Gaskiya ne, amma shi ne Kawu ya gane nan take, har ya sa hannu a takarda.

Dashen aka yi masa. Ya yi mako uku yana kwanciya rub da ciki, ma'aikatan jinya na duba launin fatar da ɗuminta don tabbatar da jini na gudana. Yanzu ya koma shago da matashi mai taushi a kan kujerarsa, yana kuma zuwa asibiti a kai a kai, domin irin wannan ciwo yana iya dawowa.