Kaska Da Abokan Gabanta Na Cikin Ƙasa

Duk wanda ya shiga kara a kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi da farkon damina zai ga yadda masu saye suke yi. Kafin a yi maganar kuɗi sai sun ɗaga wutsiyar sa, sun leƙa mara da hammata. Kaska suke nema, raɓi mai jini. Jinin da take sha ba shi ne babbar ɓarnarta ba. Babbar nan mai zane a baya ita ke kawo kabowa, kuma inda ta yi yawa kirci yakan yi tsanani. San huɗa da kirci ya kama a watan Yuni ya bar mai shi da fartanya.

Maganin feshi yana kashe ta, amma da tsada, ga shi kuwa wasu sukan tsinka shi da ruwa don ya yi auki. Kaskar da ta tsira daga irin wannan wanka, 'ya'yanta ba su jin magani. Shi ya sa masana suka koma neman abokan gabanta na halitta.

Na farko funfuna ce mai suna Metarhizium, wadda wani masani ɗan Rasha, Mechnikov, ya gano jikin ƙwaron alkama a 1879. Garinta yakan manne a jikin kaska, ya tsiro, ya huda fata, ya yi ta yaɗo a ciki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai ta mutu, gawar ta yi kore. Ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu, gama a shekarun 1990 an fesa 'yar'uwarta a kan fara wajen Maine Soroa ta Nijar, aka ga aikinta. Ma'aikatar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta gwada ta a kan kaskar shanu. Amma fa ba ta gaggawa, kuma zafin rana yana kashe garin, saboda haka feshinta sai da maraice, sai kuma lokacin laima.

Na biyu wasu tsutsotsi ne na cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ba su hawa jikin saniya. Macen kaska in ta ƙoshi takan faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai, to, nan suke tare ta, su shige cikinta, su saki ƙwayoyin cuta, ta mutu cikin 'yan kwanaki. A Isra'ila aka yi yawancin gwajin tun farkon shekarun 1990, aka ga sun fi aiki cikin rairayi mai danshi, taki kuwa yana rage musu ƙarfi. Jigawar Ɗanbatta ta dace da su, sai dai turke, inda kaska takan faɗo, cike yake da kashin shanu, watau abin da manomi ke tattali don gonarsa.

Akwai abin da mai shanu biyu ko uku zai iya yi tun yau. Ya sako kaji cikin turke da sassafe, gama kaza tana tsince kaska har a jikin saniyar da ke kwance, amma ya tsare su ranar da ya yi feshi. Wadda ya cire da hannu kada ya yar a ƙasa, kada kuma ya murtsuke ta da farce, don jininta yana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. Ya tara su a gwangwani ya zuba cikin wuta.