Sankarar Mama Kafin Ɗaukewar Al'ada: Haɗarin 'Yar Talatin Daban, Na 'Yar Arba'in Daban

Sankarar mama, wadda wasu ke kira dajin nono, ita ce kansar da ta fi kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano ta a jikin mata kusan miliyan 2.3, ta kuma yi ajalin kimanin 670,000. A Turai da Amurka galibin masu cutar sun haura shekara hamsin, al'ada ta riga ta ɗauke musu. A asibitocin koyarwa na Najeriya kuwa, da yawa daga masu zuwa da ita ba su kai hamsin ba, wasu ma da goyo a baya. Babban dalilin haka shi ne matasa sun rinjayi tsofaffi nesa ba kusa ba a yawan jama'ar ƙasar.

Masu bincike kan kasa matan da ke ganin al'ada gida biyu: waɗanda ba su kai arba'in ba, da waɗanda suka kai har zuwa lokacin da jinin zai ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Shekarun kansu su ne abu na farko. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa cikin mata 200 masu shekara talatin, kusan ɗaya ce za ta kamu kafin ta cika arba'in, amma cikin masu arba'in, ɗaya ce cikin 65 kafin su cika hamsin. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari ba nauyinsu ɗaya ba a rukunin biyu, har akwai wanda ke juya hali gaba ɗaya.

Gado ya fi nauyi a wajen masu ƙuruciya. A 1990 wata mai bincike, Mary-Claire King, ta gano mazaunin wata ƙwayar gado da aka sa wa suna BRCA1, a 1995 kuma aka gano ta biyu, BRCA2. Aikinsu a jiki shi ne gyara ɓarnar da ke samun ƙwayoyin halitta. Macen da ta gaji mai lahani daga cikinsu, yiwuwar ta kamu kafin ta kai tamanin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma sau da yawa cutar kan zo mata da wuri. A duniya, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar ne suka gaje ta. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta yi da abokan aikinta a Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya samu cewa fiye da ɗaya cikin goma na marasa lafiyar da aka gwada suna ɗauke da lahanin BRCA1 ko BRCA2. Abin da ake yawan mantawa shi ne uba ma yana gadar da ita. Mace kan lissafa mahaifiyarta da yayyenta ta ce babu cutar a gidansu, alhali gwaggonta ta rasu da ita tana da shekara talatin da 'yan kai.

Batun haihuwa ya fi kowanne sarƙaƙiya. Tun a 1713 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya lura cewa cutar ta yi yawa a tsakanin matan coci da suka keɓe kansu ba sa aure, daga baya bincike ya tabbatar cewa haihuwa na ba da kariya. Sai dai kariyar ba ta zuwa nan take. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya haɗa bayanan mata kusan 890,000 'yan ƙasa da shekara 55, ya nuna cewa haɗarin hawa yake yi bayan haihuwa, ya kai ƙololuwa wajen shekara biyar bayanta, inda ya ɗara na macen da ba ta taɓa haihuwa ba da kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga nan yakan riƙa sauka, amma sai an yi shekara ashirin da ɗoriya kafin ya koma kariya. Hawan ya fi bayyana ga wadda ta yi haihuwar fari a makare da wadda ke da cutar a dangi, ba a kuma gan shi ba ga wadda ta yi haihuwar fari kafin shekara 25. Kashi 80 adadi ne mai firgitarwa a ido, amma ƙari ne a kan haɗarin da dama can ƙarami ne a waɗannan shekaru. Ana danganta lamarin da sauye-sauyen da nono ke yi lokacin ciki da kuma komawarsa bayan yaye. Ma'anarsa a aikace ita ce, ƙullutu a nonon mai shayarwa bai kamata a yanke masa hukuncin daskarewar nono ko maruru ba idan ya yi makonni bai baje ba.

Shayarwa kanta kariya ce. Wata ƙungiyar masu bincike da ke Oxford ta tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe 30 a 2002, ta samu cewa kowace shekara guda ta shayarwa na rage haɗarin da kashi 4.3 cikin ɗari. Al'adar shayar da yaro har kusan shekara biyu, wadda aka saba da ita a ƙasar Hausa, riba ce ta wannan fuskar.

Ƙiba ce ke juya hali. Bayan ɗaukewar al'ada kitse ne ke zama babbar masana'antar sinadarin estirojin a jiki, don haka ƙiba ke ƙara haɗari. Kafin nan kuwa akasin haka aka gani: wani babban nazari na 2018 ya nuna cewa masu jiki, musamman waɗanda suke da shi tun suna tsakanin shekara 18 da 24, ba su kai sirara kamuwa ba. Babu likitan da zai ba da shawarar tara teɓa saboda wannan, domin ciwon suga da hawan jini na jiran mai ita, kuma nauyin da aka tara a shekarun arba'in shi ake shiga da shi shekarun da zai zama illa.

Ga rukunin da ya haura arba'in, tarin shekarun da nono ya yi yana shan estirojin ne ke fara tasiri. Duk shekara guda da yarinya ta riga sa'o'inta fara al'ada na ƙara haɗarin da kusan kashi 5 cikin ɗari, jinkirin ɗaukewarta ma na ƙarawa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa na ƙara shi da kusan kashi 20 cikin ɗari yayin da ake shan su, ƙarin kuma yakan gushe cikin shekara goma da dainawa. Ga 'yar ashirin wannan ƙari bai taka kara ya karya ba, ga 'yar arba'in da biyar kuwa ya cancanci a zauna da likita, tare da tuna cewa ƙwayoyin na rage kansar ƙwan mace da ta mahaifa.

Barasa na ƙara haɗari a kowane rukuni, motsa jiki na rage shi. Gashin radiyeshon da aka yi wa mace a ƙirji kafin ta kai talatin don maganin wata kansar daban na cikin abubuwan da suka fi ƙara haɗari. Ajiye kuɗi a rigar mama, wanda ake yawan zargi, ba shi da hujja ko ɗaya.

Cutar kan fi zafi a jikin masu ƙuruciya. Sun fi samun nau'in da ba ya jin magungunan toshe estirojin, nau'in da kuma ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma da masu lahanin BRCA1. Gano ta ma ya fi wuya, domin naman nonon matashiya a cushe yake, hoton mamogiram ba ya ratsa shi sosai, shi ya sa ake fara duba ta da sikanin. A 2024 wani kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar fara mamogiram daga shekara 40, duk bayan shekara biyu. Mai tarihin cutar a dangi akan fara sa mata ido tun kafin nan. A Najeriya mafi yawan masu cutar na isa asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu, sau da yawa bayan watanni ana shafe-shafe saboda imanin cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Alamomin da ke buƙatar gwaji a kowace shekara su ne ƙullutu mai tauri ko da ba ya ciwo, kaluluwa a hammata, lotsawar kan nono, fitar jini daga gare shi, da fatar da ta yi kama da ɓawon lemo.