Alkamar Da Ta Gagari Rumbun Sarki

Baƙuwarmu ta yau lamba ce mai alƙaluma 20. Ku kasa kunne: 18,446,744,073,709,551,615.

Malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo labarinta tun a shekarar 1256. Wai wani mai hikima a Indiya ne ya ƙirƙiro wa sarki wasan dara mai gida 64, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Da aka ce ya faɗi tukwicinsa, sai ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya ga abin bai taka kara ya karya ba. Raina kama ka ga gayya! Da za a ƙirga alkamar nan, ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa, sai an shafe sama da shekara biliyan 584.

Ga sirrin. Ku tara 1 da 2 da 4, ku sami 7, gida na gaba kuwa 8 ne. Kowane gida ya ɗara jimillar na bayansa da ƙwaya ɗaya tak. Shi ya sa in aka jera 2 har sau 64, aka yi sau da su, aka cire 1, lambarmu ce za ta fito. Irin waɗannan ana kiransu lambobin Mersenne, sunan wani limamin kirista ɗan Faransa da ya rasu a 1648.

To, cika ce ko mara? Mara ce, kuma tunda da 5 ta ƙare, 5 na raba ta ba saura. In aka ci gaba da fasa ta, gida bakwai take tsayawa: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Kowanne cikinsu ba ya rabuwa sai da 1 ko da kansa.

Ku riƙe 641 ɗin nan. Masanin lissafi Fermat ya zaci cewa 4,294,967,297 ita ma ba ta rabuwa. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ne ke ba da ita. Kusan shekara 100 zaton babban malami yana tsaye kafin a kayar da shi.

Yau kuma lambarmu tana cikin aljihunku. Yawancin wayoyin zamani da kwamfutoci na ajiye lamba a gida 64, kowane gida ko dai 0 ko 1. In aka cika gidajen duka da 1, alkamar mai hikimar nan ce ke fitowa, ba ƙari ba ragi.