Bindigar Cikin Mota a Iyakar Kanada

"Kana ɗauke da makami?" Tambayar da jami'in kan iyakar Kanada ke yi wa direban da ya taso daga Amurka ke nan, ko a gadar Ambassador da ta haɗa Detroit da Windsor, ko a gadar Peace ta Buffalo. Direba ya ce babu. A buɗe akwatin gaban mota, sai ga ƙaramar bindiga kwance kusa da takardun inshora, cike da harsashi. Kowace shekara Amurkawa da dama ke faɗawa wannan hali, kuma da yawansu ba 'yan fasa-ƙwauri ba ne. Maharba ne, da 'yan fansho masu yawon buɗe ido, da sojojin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Alaska.

Tushen abin yana cikin Amurka. Kundin tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami tun 1791, amma sauyin da ya fi taɓa direbobi na baya-bayan nan ne. A 2003 Alaska ta soke wajibcin neman lasisi kafin mutum ya yi yawo da bindiga a ɓoye, Arizona ta bi sahu a 2010, Texas a 2021, Florida a 2023. Yau fiye da rabin jihohi 50 haka dokarsu take. Mutumin da ya shekara goma bindiga na cikin motarsa, kamar jak da safayar taya, ya daina ganinta a matsayin abin da ake ambata. Wani mantawa yake yi da gaske. Wani kuwa ya tuna sarai, ya yi shiru don gudun ɓata lokaci, yana ganin ai halaliyarsa ce.

Ita kuwa Kanada, sai ƙara ɗaure igiyar take yi. A watan Afrilun 2020 wani mutum ya kashe mutane 22 a Nova Scotia, kuma wasu daga cikin bindigoginsa daga jihar Maine ta Amurka ya shigo da su ta mota. Wata guda bai cika ba gwamnati ta haramta nau'o'in bindiga kusan 1,500, sannan a Oktoban 2022 ta dakatar da cinikin ƙananan bindigogi a faɗin ƙasar. Ba a rufe ƙofa ga baƙo ba: maharbi mai doguwar bindiga zai cike takardar bayyana makami, ya biya dalar Kanada 25, takardar ta zame masa lasisin kwana 60. Ƙaramar bindiga ce matsalar. Wadda tsawon bututunta bai wuce milimita 105 ba haramtacciya ce, sauran kuma sai da izini na musamman da ake nema tun kafin a kama hanya. Kare kai, wanda shi ne dalilin da Ba'amurke ya saye ta tun farko, ba hujja ba ne a wurin hukumomin Kanada.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai zuwa Alaska. Daga Amurka ya taso, Amurka ya nufa, amma babu hanyar mota sai ta cikin Kanada, a titin da sojoji suka gina a 1942 daga Dawson Creek, kilomita fiye da 2,000 na daji. A tunaninsa wucewa kawai zai yi, shi ya sa yake jin an takura masa.

Na fahimci wannan ƙorafi, amma ina bayan Kanada. Jami'in da ke tsaye bakin tagar mota ba shi da hanyar bambance mai mantuwa da mai safara, domin "babu" ɗinsu iri ɗaya ce. Bindigogin da ake samu hannun 'yan daba a Toronto, akasarin waɗanda aka bi sawunsu daga Amurka suka fito. In aka yi wa kowa uzurin mantuwa, an buɗe wa mai mugun nufi ƙofa. Shi ya sa wanda ya ɓoye kan rasa bindigar, a riƙe motarsa sai ya biya tara, wani lokaci a kai shi kotu, kuma hukuncin ya hana shi sake shiga ƙasar. Wanda ya faɗi gaskiya tun farko, ko da bindigar ba ta halatta ba, galibi akan bar shi ya juya da ita ko ya miƙa ta.

Inda zuciyata ke sosuwa shi ne kan wanda ya yi ɓatan hanya. Titunan da ke kaiwa waɗannan gadoji sukan rasa wurin juyawa, kuskuren layi ɗaya sai mutum ya tsinci kansa a wata ƙasa. A iyakar kudu, ta Meziko, abin ya fi muni: a 2014 wani tsohon sojan Amurka, Andrew Tahmooressi, ya shiga Tijuana da bindigogi uku, ya ce kuskuren kwana ya yi, ya shafe kusan wata bakwai a kurkukun Meziko. Irin waɗannan sun cancanci manyan alluna da wurin juyawa kafin gada, kuma hukumomin Amurka ne ya kamata su yi wannan aiki, tunda a ƙasarsu titin yake.

Masu zuwa Alaska da suka san dawan garin sun samo mafita. Wasu kan aika ƙaramar bindigar gaba ta hannun dillali mai lasisi, su karɓa in sun isa. Wasu kuma kan loda motar a jirgin ruwa daga Bellingham ta jihar Washington.