Masu Gadin Rumbun Bayanai

Makiyayin da ke kora shanu a dajin Ɗansoshiya, da masuncin madatsar ruwa ta Tiga, da manomin masara a Doguwa, muddin sun yanki katin zaɓe, sunayensu na kwance wuri guda: rajistar hukumar INEC, wadda a zaɓen 2023 ta ɗauki mutum 93,469,008. Tarin bayanai irin wannan ba ya zama haka kawai. Akwai ma'aikatan da ke kwana a kansa, kuma ba a tuna da su sai ranar da abu ya tsaya.

Tsarin da bankuna da yawancin hukumomi ke bi ya samo asali ne daga Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, wanda a 1970 ya kawo shawarar a riƙa zuba bayanai a jadawali daban-daban, lamba ta riƙa haɗa su. Jadawalin mutane daban, na rumfunan zaɓe daban, na ƙananan hukumomi daban. Suna ba abin dogaro ba ne. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna da Gusau, ballantana masu suna Musa Abdullahi, waɗanda ko a Kiru kaɗai sai a gaji da ƙirga. Lamba ce ke raba gardama.

Sauri kuwa aikin fihirisa ne. In babu ita, neman mutum ɗaya sai kwamfuta ta bi layi-layi har ta ci karo da shi. In akwai, taku kaɗan take yi. Sai dai kowace fihirisa tana da haraji, domin duk sunan da aka ƙara sai an gyara ta, don haka wanda ya cika su da yawa zai tarar rubutu ya yi nauyi. Ƙwararre ba ya canki-canka. A manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL akwai umarnin EXPLAIN, wanda ke nuna hanyar da na'ura za ta bi kafin ta amsa tambaya. Can yake duba inda lokaci ke zurarewa. Sau da yawa tambaya ɗaya da aka rubuta a karkace ce ke danne sauran, alhali shugabanni na can suna shirin sayo sabuwar uwar garke.

Sai tsafta. A 2022 INEC ta tantance sabbin masu rajista ta hanyar kwatanta zanen yatsu da fuska, ta soke 2,780,756, akasari waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya.

Ranar zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, an ga abin da kuskuren tsari ke jawowa. Sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamako a kai, na shugaban ƙasa ya cije. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne an tsara manhajar ta jingina kowane zaɓe da jiharsa. Kujerar Kiru da Bebeji ta Kano ce, haka ta Doguwa da Tudun Wada, amma ta shugaban ƙasa ba ta da jiha, sai na'ura ta rasa inda za ta ajiye takardun. Jama'a da dama ba su gamsu ba. Ko da an yarda da bayanin, gwaji na gaskiya kafin ranar ya kamata ya tono matsalar.

Babbar amanar mai kula da rumbu ita ce kwafin ko-ta-kwana. Kamar irin da manomi ya ɓoye ne: bai san ƙwari sun huda shi ba sai ranar shuka. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun kamfanin bisa kuskure, yana zaton rumbu na biyu, mai kwafin babban, yake sharewa. Da aka koma kan hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar wasu sun daɗe ba sa aiki, ba wanda ya lura. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su. Bayanan waɗannan sa'o'i shida ba su dawo ba.