Ciwon Cikin Kunne Na Iya Hana Samun Lasin Tuƙin Jirgin Sama

MUBI, Jihar Adamawa — Daga cikin 'yan kasuwar shanu da fataken kan iyakar Kamaru a nan Mubi, ana samun masu burin kai 'ya'yansu Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Horon yana cin miliyoyin naira. Sai dai wannan jari kacokan ya rataya ne a kan wata 'yar gaɓa da ba ta kai ƙwayar goro ba, can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne.

Aikin gaɓar biyu ne: ji, da kuma daidaita tsayuwar jiki. Tana da wasu ƙananan bututu uku masu ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi. In sun lalace sai jiri da amai, kuma matuƙin da jiri ya kama cikin gajimare ba shi da bakin hanyar da zai tsaya ya huta.

Saboda haka ne Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, bisa ƙa'idojin ICAO, ba ta ba da lasin tuƙin jirgin kasuwanci sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. A gwajin ji, raunin kowane kunne kada ya wuce desibel 35 a sautin haz 500, 1,000 da 2,000, ko desibel 50 a haz 3,000. Wani jirin ana magance shi a koma aiki, amma ciwon Meniere, mai zuwa ba sallama, shi ya fi tsayar da matuƙa.

Shi ne ya kama Alan Shepard, Ba'amurken farko da ya je sararin samaniya a 1961. An hana shi tashi kusan shekara biyar, sai a 1969 bayan Dakta William House ya yi masa tiyata a Los Angeles. A 1971 ya taka duniyar wata cikin kumbon Apollo 14. Amma fa hukumar NASA ta riƙe shi da aikin ofis duk tsawon jinyar. Ɗan falke ba shi da irin wannan gata.

A yankinmu abubuwan da ke ɓata kunne ba baƙi ba ne: sanƙarau, irin annobar da ta ratsa Arewa a 1996, allurar gentamicin da ake sokawa a kemis ba da izinin likita ba, da ƙarar injin niƙa da janareto. Yaro kan girma da raunin ba tare da an lura ba. Ya kamata uba ya fara kai shi wurin likitan kunne, sannan ga likitan da hukumar ta amince da shi, kafin ya sayar da sa ko ɗaya.

Takardar ma ba ta dindindin ba ce. Ana sabunta ta kowace shekara, wasu kuma duk wata shida, abin da ya sa kamfanonin inshora a ƙasashen waje ke sayar wa matuƙa inshorar asarar lasin.