Kunkurun da Fari Ke Hana Shi Girma, da Na'urorin da Ke Bin Sawunsa

A arewa maso gabashin birnin Perth na ƙasar Ostareliya akwai wasu ƙananan fadamu biyu, Ellen Brook da Twin Swamps. Nan ne mazaunin wani ɗan kunkurun ruwa da ake kira kunkurun fadamar yamma, wanda masana ke wa laƙabi da Pseudemydura umbrina. Tsawon ƙoƙon bayansa bai wuce santimita 15 da ɗoriya ba, wato kusan tsawon wayar Android, nauyinsa kuma kusan rabin kilo ne idan ya manyanta. Yana cikin dabbobi masu jan ciki da suka fi kusa da ƙarewa a ƙasar.

An daɗe ana zaton ya ƙare, sai a 1953 wani ɗan makaranta ya tsinci ɗaya ya kai wani baje kolin namun daji a Perth. Zuwa shekarun 1980, waɗanda suka rage ba su kai 50 ba. Gidan zoo na Perth ya shiga kiwonsa tun ƙarshen shekarun 1980, an kuma kewaye mazauninsa da shinge saboda dila. Amma akwai abin da shinge ba ya tarewa: ruwan sama yana ta raguwa.

Ƙoƙon baya ba riga ba ne

Mutane da yawa na ɗauka kunkuru zai iya fita daga ƙoƙonsa. Ba zai iya ba. Ƙoƙon ƙashi ne mai rai, haƙarƙari da ƙashin baya suka haɗe suka zama shi. A samansa akwai falle-falle na sinadarin keratin, irin wanda farce da ƙaho ke ɗauke da shi. Saboda haka girman ƙoƙo shi ne girman dabbar kanta.

Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mutum. Zafin ruwa da na rana ne ke tafiyar da narkewar abincinsa. Idan akwai ɗumi da abinci, sabon keratin yana fitowa a gefen kowane falle. Idan sanyi ko fari ya zo, girma ya tsaya, sai a bar layi. A kunkuru da yawa, musamman ƙanana, waɗannan layukan suna kama da zoben da ake gani a kututturen bishiya: shekara mai albarka tana barin faffaɗan zobe, shekarar wahala siriri. Kamar fayil ɗin da manhaja ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta ne, sai dai a jikin dabba yake. Idan kunkurun ya tsufa, layukan kan goge ko su cushe, shi ya sa masana ba sa dogara da su kaɗai, suna haɗawa da awon tsawo da nauyi.

Rabin shekara a ruwa, rabi a ɓoye

Lokutan Ostareliya akasin namu suke. A yankin Perth, ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, wajen Yuni zuwa Agusta, sai fadamu su cika. A nan ne kawai kunkurun ke cin abinci, yana kama talibamban da tsutsotsin ƙwari da ƙananan halittun ruwa, kuma ba ya ci sosai sai ruwan ya haura digiri 14. Idan fadama ta ƙafe, sai ya shige rami ko ƙarƙashin busassun ganye ya kwanta har watanni. Wanda ya san gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka da rani, ya riga ya gane dabarar. Kamar waya ce da aka sa a tsarin tanadin caji: komai ya ragu, ana lallaɓa abin da ke cikin batir.

Matsalar ita ce lokacin cajin yana gajarta. Tun daga 1970, ruwan saman lokacin sanyi a kudu maso yammacin Ostareliya ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Fadama takan cika a makare, ta ƙafe da wuri, wani lokaci daidai sanda ruwan ya fara ɗumin da ya dace da girma. Babban kunkuru zai iya jurewa. Ɗan ƙyanƙyasa kuwa, idan bai tara isasshen nauyi kafin bazararsa ta farko ba, bushewa zai yi a maɓoyarsa. Waɗanda suka tsira ma sukan ɗauki fiye da shekara 10 kafin su isa haihuwa, kuma ƙarancin ruwa yana ƙara tsawaita jiran. Mace tana yin ƙwai uku zuwa biyar ne kawai. A Twin Swamps har ruwan rijiyar burtsatse ake turawa cikin fadama don ta daɗe ba ta ƙafe ba.

Inda kwamfuta ta shigo

Masu bincike a Jami'ar Yammacin Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Nicki Mitchell, sun yi wata tambaya: idan gidan ya daina riƙe ruwa, ina ne zai dace nan gaba? Sun haɗa lissafin kwamfuta iri biyu. Ɗaya yana hasashen tsawon lokacin da fadama za ta riƙe ruwa da zafinsa, ɗayan yana lissafa sa'o'in da kunkuru zai iya cin abinci da girman da zai yi a wannan yanayin. Sakamakon ya nuna wuraren kudu, kusa da gaɓar teku, inda ya fi sanyi da danshi.

A 2016 aka gwada. An kai ƙananan kunkuru da aka kiwata a gidan zoo zuwa Meerup da kuma gabashin garin Augusta, kusan kilomita 300 kudu da Perth, aka ajiye wasu a Moore River da ke arewa don kwatantawa. An manna musu 'yar na'urar aika siginar rediyo a ƙoƙon baya, mai bincike yana bin ta da eriya a hannu. An kuma yi amfani da ƙananan na'urorin auna zafi irin su iButton, masu kama da batirin agogo mai kauri, da ke rubuta zafi lokaci-lokaci a ƙwaƙwalwarsu ba tare da intanet ko layin waya ba. Bayan haka ana kama dabbobin a auna su, a haɗa awon da bayanan zafin.

A ɗaya daga wuraren kudu, girman ya yi kusa da na arewa duk da sanyin wurin. Wannan labari ne mai daɗi, amma bai rufe muhawara ba. Akwai masana da ke tsoron kai dabba inda ba a san ta ba, don za ta iya cinye wasu halittun da su ma ke cikin haɗari. Sanyi mai yawa kuma yana rage girma kamar yadda fari ke yi, kuma ƙwai yana buƙatar ƙasa mai ɗumi kafin ya ƙyanƙyashe. Ga dabbar da ke iya wuce shekara 60, cikakkiyar amsa sai an jira.

Abin da ya shafi mai waya

Manhajoji irin su iNaturalist suna ba kowa damar ɗaukar hoton dabba ko tsiro ya ɗora, masana su yi amfani da shi. Hoton kififiya daga wani tafki, da kwanan wata da wuri, bayani ne mai amfani. Sai dai kyamarar waya tana iya ɓoye lambobin GPS a cikin fayil ɗin hoto, kuma masu farautar kunkuru don sayarwa su ma suna da wayoyi. Shi ya sa iNaturalist ke ɓoye ainihin wurin dabbobin da ke cikin haɗari, sai ta nuna faffaɗan yanki kawai. Kafin a tura hoton dabbar da ba a cika gani ba a wani dandali, yana da kyau a cire bayanin wurin, ko a kashe shi a saitin kyamara tun farko, kuma a bar dabbar inda aka same ta.